Iyo Bayan Aikin Hanji

A Fadan Kagoma da Kafanchan, kamar sauran sassan Nijeriya, zazzaɓin taifot yakan huda ƙaramin hanji. Wani lokaci likita yakan fito da bakin hanjin ta fatar ciki, a manna jaka mai tara bayan gida. Wannan ba ya hana iyo idan rauni ya warke, galibi bayan mako 6 zuwa 8, da iznin likita.

A juye jakar kafin shiga ruwa, a tabbata ta manne. Mai nutso da tukunyar iska ya guji wake, domin iskar da ta taru a jaka a zurfin mita 10 takan ninka girma in ya taso. Bayan an fito, a sha ruwan gishiri da sukari, tun da abinci ba ya kaiwa babban hanji mai tsotse ruwa.