Maciji a Lokacin Ɗari

Manoma da makiyaya, jikin maciji ba ya yin ɗumi da kansa, zafin wuri yake bi. Idan ɗari ya tsananta a Disamba da Janairu, ƙarfinsa yakan ragu, ya rage cin abinci, ya nemi maɓoya: rami, ƙarƙashin rumbu, tarin kara ko itacen girki. Amma dafinsa yana nan. Kububuwa ƙarama ce, dafinta kuwa yana hana jini daskarewa.

Rigakafi:
1. A tara kara da itace nesa da ɗakin kwana.
2. A motsa dami da sanda kafin a ɗauka.
3. Kada yara su sa hannu cikin rami.
4. A sa takalmi, a riƙe fitila da dare.

Idan maciji ya sari mutum:
1. A kwantar da shi, kada ya yi gudu.
2. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura.
3. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya.
4. A kai shi asibiti nan da nan, ko da bai ji ciwo ba. Can ne ake yin allurar kashe dafi.