Abin Da Ke Cikin Ganye

Kowa ya san ganye. Muna shan inuwar dogon yaro da mangwaro a nan Gawuna, muna kuma miyar kuka da zogale, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda cikinsa yake. In aka yanka ganye siriri ƙwarai, aka duba shi da madubin nan mai ƙara girman abu, wato maikuroskof, sai a ga ashe hawa-hawa ne.

Da farko akwai fatar sama, wadda wani abu mai kama da kakin zuma ya lulluɓe don kada ruwa ya tsere. Shi ya sa tumfafiya, mai kaki da yawa, takan zauna kore shar ko da rani.

Ƙarƙashin fatar akwai dogayen ƙwayoyin halitta a tsaitsaye kamar karan darni. Su ne suka fi yawan sinadarin kulorofil, mai sa ganye ya zama kore. A nan ne tsiro yake dafa abincinsa, ya haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid da taimakon hasken rana, ya sami sukari, ya saki oksijin da muke shaƙa. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, shi ya nuna a 1779 cewa sai da haske wannan aiki yake yiwuwa.

Daga nan sai wani sashe mai kama da soso, mai sarari a tsakanin ƙwayoyinsa inda iska take yawo. Jijiyoyi suna ratsa shi, kowace da bututu iri biyu. Ɗaya yana hawo da ruwa daga saiwa, ɗaya kuma yana rarraba sukari ga sauran jiki.

A fatar ƙasa kuwa akwai dubban ƙananan ƙofofi, kowace da ƙwayoyi biyu masu gadinta. To, a nan matsalar take. In ƙofa ta buɗe don iska ta shiga, ruwa ma sai ya fice. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ta nan yake tafiya. In ruwa ya yi ƙaranci, masu gadi sukan rufe ƙofa, girki kuma ya tsaya. Gero da dawa sun fi shinkafa jure fari domin suna da wasu ƙwayoyi kewaye da jijiyoyinsu masu tara kabon dayoksaid, saboda haka ba sai sun buɗe ƙofa sosai ba.

Amfanin sanin wannan a fili yake. Mai dashe ya rage wa tsiro ganye, ya kuma dasa da yamma, don saiwar da ta ji ciwo ba za ta iya mayar da ruwan da ke fita ba. Ban ruwa ma ya fi kyau da sassafe ko da la'asar.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, gani ya kori ji. Ku ɗaura farar leda a reshe mai ganye da hantsi, ku duba bayan azahar. Ɗigon ruwan da za ku tarar a ciki, daga waɗannan ƙofofi ya fito.