Kafin ka hau Mambila

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka tara 'yan kuɗi kana so ka kai matarka Mambila ku sha iska bayan girbi, kuma kana jin nauyin faɗa mini don kada in ce almubazzaranci ne. Ba zan ce haka ba. Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya. Amma matso kusa ka ji.

Mu mutanen Yargalma mun daɗe rabon da mu dubi dutse don kallo kawai. Yaronmu in ya tsinci dutse, jujjuya shi yake yi a tafin hannu yana neman ƙyallin zinariya. Kana ƙarami a 2010, lokacin da ake shigo da duwatsu cikin gidaje ana daka a turmi, ana niƙa a inji, ƙura na sauka kan tabarma da ƙwaryar fura, jarirai na rarrafe a ciki. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gane gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara, kuma garinmu da Dareta na cikin na farko da aka kankare ƙasar gidajensu aka zuba sabuwa. Shi ya sa da na ji ɗan gidan nan zai biya kuɗin mota don ya je ya ga tsauni, ba ya neman komai a cikinsa, sai na ji sanyi a raina.

Kada ku bar gida sai gari ya waye sarai, ka kuma tambayi direbobi labarin hanyar Anka zuwa Gusau a ranar, ka san halin da muke ciki. Da kun wuce Gusau ka nuna mata Dutsen Kwatarkwashi, wanda mikiya ke sheƙa a kansa. Sau nawa muka wuce shi muna gyangyaɗi a mota!

In kun isa Jalingo, daga nan za ku bi Bali da Serti har Mayo Selbe, inda hawa ke farawa. Sau ɗaya na hau, zamanin da nake fataucin shanu, amma har yau ina tuna yadda kunnuwana suka toshe, hanya na nannaɗe dutse kamar rawani. Da muka kai sama, tudun da ya kai kimanin mita 1,600, sai ga ciyawa shar iya ganin ido, jajayen shanu na kiwo, gajimare kuma yana ƙasa da mu cikin kwari. Wani dattijo a gefena ya yi ta tasbihi har muka shiga Nguroje.

Za a ba ka labarin Cappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419. Bar wa masu ƙarfin gwiwa da 'yan jagora wannan. Ku dai ku jira hazo ya yaye da hantsi, ku taka a hankali kan tuddan Gembu har ku hangi kogin Donga, wata rana kuma ku je Kakara ku nemi izini ku zaga gonar shayi. Ka bar matarka ta shige gaba, saurinta shi ne naka, inda ta gaji ku zauna. Ka saya mata rufaffen takalmi, don ciyawar can da raɓa take kwana, silifa zame mutum suke yi. In kun iske shingen waya, makiyayar wani ce, a yi sallama kafin a ƙetara. Kada ka ɗauki hoton kowa sai ya yarda. Maganar fili tsakanin makiyaya da manoma ta taɓa zubar da jini a can, kai baƙo ne, kada ka sa baki.

Sai salla. Tafiyar ta zarce mil 48 nesa ba kusa ba, don haka kasaru za ka yi a hanya, amma in ka yi niyyar zaman kwana huɗu a Gembu sai ka cika. Ruwan asuba a can yana kama yatsu kamar an datse su da ƙofa. Kada ka ruga ga taimama alhali da wuta a gidan. Tun da dare ka roƙi mai masauki ya ajiye muku ruwan zafi. Alƙibla kuma ta fi karkata arewa kaɗan bisa yadda ka saba a gida, ga hazo na ɓoye rana, to ka dubi masallacin unguwa ka daidaita. Musulmi suna da yawa a Gembu da Nguroje, abinci ba zai ba ku wahala ba, inda ka yi shakkar yanka kuwa ka tambaya cikin ladabi.

Ku ɗauki bargo biyu da rigar sanyi. Duk inda kuka sauka ka bugo wa mahaifiyarka waya, don ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka. Ni kuma ganyen shayin Kakara nake so, ƙulli ɗaya ya ishe ni.