Yadda Ake Sa Silikon Ya Fita Tsaf

A gidaje da yawa akwai 'yar kafa tsakanin wurin wanke hannu da bango, ko tsakanin gilashin taga da firam ɗinsa na alminiyon. Ta wannan kafa ruwa yake bi ya shiga bango. A hankali fenti ya kumbura, siminti ya fara zuba, ɗaki ya riƙa warin danshi. Kyankyasai da kiyashi ma nan suke samun mafaka. Abin da ake toshe irin wannan kafa da shi shi ne silikon.

Silikon yana zuwa ne a cikin doguwar roba mai tsinin baki. Yawanci robar tana ɗaukar mililita 280 zuwa 310. Ana sa ta a wani ƙarfe da masu aiki ke kira bindiga, a matsa kunamar, silikon ya fito da laushi. Idan ya bushe sai ya koma kamar roba, yana miƙewa yana dawowa, ruwa ba ya ratsa shi. Matsa kunama kowa zai iya. Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne layin ya fita a miƙe, sumul, ba dama-dama a jikin tayil. Kuma wannan ba baiwa ba ce, koyo ake yi. Magidanci zai iya, uwargida ma za ta iya.

Tun a shago aikin yake farawa, kuma a nan iya karatu zai yi maka rana. Silikon iri biyu ne. Akwai mai warin tsami mai hawa kai, irin na ruwan khal. Shi ya fi araha, kuma yana kama gilashi da tayil da kyau. Amma tsamin da ke fita daga jikinsa yana cin tagulla da kwanon rufi, yana ɓata mabul, yana lalata bayan madubi, kuma ba ya zama da kyau a kan siminti. Na biyun ba shi da wannan tsami. A jikin robarsa ana rubuta Neutral da Turanci, ko Neutre da Faransanci. Shi ya kamata ka saya idan aikin na ƙarfe ne, ko madubi, ko mabul, ko siminti. Idan kuma na banɗaki ne ko kicin, ka ce wa mai shago ya ba ka mai maganin funfuna, domin wanda ba shi da shi yakan yi baƙi-baƙi a wurin da ruwa ke yawan zama.

Ka juya robar ka nemi kwanan wata. Silikon yana tsufa ko ba a buɗe shi ba, yawancinsa shekara ɗaya ne ko ɗaya da rabi. Wanda lokacinsa ya wuce yakan daskare a ciki, ko kuma ka sa shi ya ƙi bushewa, ya yi ta danƙo. Idan an rage maka kuɗi a kan irin wannan, ka tuna araha ba ta ado.

Abu ɗaya kuma: fenti ba ya kama silikon. Idan wurin da za ka toshe za a yi masa fenti daga baya, nemi abin toshiya na akirilik. Idan silikon ɗin za ka sa, zaɓi launin da ya dace tun farko, fari ko baƙi ko mai garai-garai.

Yanzu ka dawo gida. Kada ka yi saurin ɗaukar bindiga. Mafi yawan aikin da ke ɓaci, a wurin share fage yake ɓaci. Idan akwai tsohon silikon a wurin, cire shi duka. Sa reza ko wuƙa mai kaifi ka yanka gefen sama da gefen ƙasa, ka ja shi ya fito, sannan ka kankare ɓurɓushin da ya rage, a hankali don kada ka karce tayil. Mutane da yawa sukan shafa sabo a kan tsoho don gudun wahala. Wannan asarar kuɗi ce, domin sabon ba ya kama tsohon da kyau, ba da jimawa ba zai ɗago. Bayan ka kankare, goge wurin da tsumma mai tsabta da ka jiƙa da sifirit, don ya ɗauke maiƙo da ragowar sabulu. Sannan ka bari ya bushe ƙarau. Silikon ba ya kama wuri mai laima, ba ya kama wuri mai ƙura. Lokacin hunturu ka goge wurin dab da za ka fara, kada ka goge da safe ka ce sai la'asar.

Idan kafar tana da zurfi sosai, kada ka cika ta da silikon zalla. Yanko siririn soso ka cusa a ciki, ka bar zurfin kamar milimita 6 a sama. Ka rage ɓarna, kuma aikin zai fi daɗewa.

Ga sirrin miƙaƙƙen layi. Sayi tef ɗin takarda, irin wanda masu fenti ke amfani da shi. Manna ɗaya a sama da kafar, ɗaya a ƙasa, ka bar fili a tsakani daidai faɗin layin da kake so. Milimita 5 ko 6 ya isa a yawancin wurare. Bi tef ɗin da yatsa ka danne bakinsa sosai. Duk wadda ta taɓa yin ƙunshin salatef ta san wannan dabara: inda aka manna tef lalle ba ya kamawa, idan aka ɓare sai zane ya fito da kaifi. Haka abin yake a nan. Idan tef ya karkace, layi ma zai karkace, don haka ka ɗauki lokaci a kansa.

Sai yankan baki. Yanke kan robar, ka ɗaura tsinin, sannan ka yanke tsinin a karkace, ba a tsaye ba. Fara da ƙaramin rami. Idan ya yi kaɗan za ka iya ƙarawa, amma idan ka yanka da faɗi babu gyara. Gwada hannunka a kan kwali tukuna, layi biyu ko uku, har ka gane yadda yake fita.

Fara daga lungu. Riƙe bindigar a ɗan kishingiɗe, ka matsa kunama da ƙarfi iri ɗaya, kana jawowa a hankali ba tsayawa. Idan ka yi sauri layi zai tsinke, idan ka yi nawa zai taru ya yi tudu. Da ka kai ƙarshe, danna ɗan ƙarfen da ke bayan bindigar. Shi ke sakin matsin. Idan ka manta, silikon zai ci gaba da fitowa yana zuba a ƙasa.

Kada ka zagaye ɗaki duka sannan ka dawo gyara. Cikin kamar minti 10 samansa yake fara yin fata, kuma da ya yi fata, taɓa shi ɓata shi ne. Gama gefe ɗaya, ka lailaye shi nan take. Tsoma yatsa a ruwan sabulu, ka yarfe, ka ɗora a farkon layin, ka ja sau ɗaya har ƙarshe kana ɗan dannawa. Dannawar ce ke tura silikon cikin kafar ya kama ɓangarorin biyu. Abin da ya taru a yatsa, goge shi a tsumma ko takarda. Bayan ƙaramin cokali ma yana yin wannan aiki. Yatsa kawai za ka jiƙa. Kada ka yayyafa ruwan sabulu a wurin kafin ka sa silikon, domin duk inda sabulu ya shiga ƙarƙashi ba zai kama ba.

Da ka gama lailayewa, ɓare tef ɗin a lokacin, tun silikon yana ɗanye. Ja shi a hankali, kana nisanta shi daga layin. Idan ka bari ya bushe, tef zai taho da gefen aikinka. Ajiye leda a kusa ka jefa tef ɗin ciki, don yana ɗauke da danƙon da zai ɓata riga da ƙasa.

Daga nan sai haƙuri. Za ka hango wani ɗan wuri da bai yi maka ba, hannunka ya yi ta ƙaiƙayi. Ƙyale shi. Komawa sau biyu sau uku shi ke mayar da kyakkyawan layi kaca-kaca. Idan ya bushe, reza za ta gyara abin da ya yi yawa.

Danshin da ke cikin iska shi ke busar da silikon, daga waje zuwa ciki, kamar milimita 2 zuwa 3 a yini da kwana. Shi ya sa yakan fi saurin kamawa da damina, ya yi nawa a bushewar hunturu. Bar taga a buɗe saboda wari, amma idan iska na kwaso ƙura, sakaya labule. Idan bahon wanka ne irin na kwanciya, cika shi da ruwa kafin ka fara, kada ka zubar sai silikon ya bushe. Nauyin ruwan yana buɗe kafar, don haka layin ba zai tsage ba ranar da aka shiga wanka.

Wanda ya rage a roba kada ka yar. Cusa ƙusa a bakin tsinin, ka naɗe da tef, ka ajiye a inuwa inda yara ba za su kai ba. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, idan zafi bai daina ba a je asibiti.

Ka sanar da mutanen gida kafin ka fara, don su tanadi wani wurin wanki da alwala. Kada ruwa ya taɓa aikin sai bayan awa 24.