Darasin Wannan Wata: Abin Da Magina Suka Koya Daga Suri

Duk manomi ya san gara. Tana cin danga, tana cin azara, tana shiga rumbu ta yi ɓarna. Shi ya sa ba wanda ke yi mata kallon arziki. To amma gara gwanar gini ce. Gidanta shi ne suri. Darasin wannan wata yana magana a kan suri, da kuma maginan da suka yi koyi da shi. Daga ƙarshe akwai aikin da kowane ɗalibi zai yi a gaban aji.

Me ke cikin suri?

Wanda ya taɓa fasa tsohon suri ya ga cikinsa ba a cushe yake ba. Ramuka ne da hanyoyi, manya da ƙanana, wasu sun miƙe sama, wasu sun bi gefe. Yawancin garar ba a tudun da ake gani take zaune ba. Tana can gindi, a cikin ƙasa. Can uwar take, can ake renon 'ya'ya. Akwai irin garar da har noma take yi. Takan tauna ciyawa da itace ta tara, sai wani abu dangin naman kaza ya tsiro a kai, ita kuma ta ci. Gara tana numfashi, abin da ta shuka ma yana numfashi. In iska ba ta shiga, duk za su mutu.

Da can masana sun ɗauka babban aikin tudun shi ne sanyaya gida. Daga baya aka ƙara bincike. A shekarar 2015 wasu masana na Jami'ar Harvard ta Amurka suka auna iskar da ke cikin suri a ƙasar Indiya. Sun gano cewa da rana hanyoyin gefe su ke fara ɗaukar zafi. Iskar da ke cikinsu sai ta tashi sama, ta tsakiya kuma ta gangara ƙasa. Da dare gefe ya riga tsakiya hucewa, sai tafiyar iskar ta juya. Bangon suri yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani sosai. Ta nan gurɓatacciyar iska ke fita, mai kyau ta shiga. Watau suri numfashi yake yi, kamar huhu.

Ginin Harare

Harare shi ne babban birnin ƙasar Zimbabuwe. A shekarar 1996 aka buɗe wani katafaren gini a can mai suna Eastgate. Ƙasansa kantuna ne, samansa ofisoshi. Wanda ya zana shi ɗan ƙasar ne, sunansa Mick Pearce. Irin wannan gini yawanci sai an sa masa manyan na'urorin sanyaya ɗaki, masu shan lantarki da cin kuɗi. Shi kuwa Pearce sai ya dubi suri.

Benaye biyu ne suna kallon juna, da fili a tsakaninsu mai rufin gilashi. An yi daɓen kowane hawa da kankare mai kauri, aka bar hanyoyin iska a cikinsa. Da dare manyan fankoki suna jawo iska mai sanyi daga waje, ta bi hanyoyin nan, kankaren ya sha sanyi. Da rana iskar da ke shiga ofis ta cikinsa take bi, sai ta iso da sanyinta. In ta yi zafi ta tashi sama, ta fita ta bututu 48 da aka gina da jan bulo a kan rufi. Jikin bangon kuma yana da gaɓoɓi da suka fito waje, suna yi wa tagogi inuwa.

Pearce ya yi aikinsa ne da tsohuwar fahimtar masana game da suri. Duk da haka ginin ya yi aiki, lantarkin da yake sha bai kai na sauran gine-gine irinsa ba. Sai dai a lura da abu ɗaya. Harare tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,500, darenta da sanyi. A Sakkwato ko Maiduguri kuwa, cikin watan Afrilu dare ma zafi gare shi. Wanda ya kwaikwayi ginin Harare ido rufe zai sha mamaki. Abin ɗauka shi ne dabarar: bango mai kauri, inuwa, da hanyar da iska mai zafi za ta fita ta sama.

Ina ruwan mutumin ƙauye?

Da ruwansa ƙwarai. Tsohon soro na tubali yana da kaurin bango, zafin rana ba ya ratsa shi da wuri. Yau mutane da yawa sun koma bulon siminti da rufin kwano, ba silin, taga kuma ƙarama ce, ita ma an toshe ta da tsumma. Irin wannan ɗaki da bazara tanderu ne. Ba gumi kaɗai ne illarsa ba. Cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa da rani, musamman inda mutane suka cunkushe a ɗakin da iska ba ta ratsawa. A annobar 1996 fiye da mutum 11,000 suka rasu a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Allurar rigakafi ita ce babbar garkuwa, amma ma'aikatan lafiya kullum suna ƙarawa da cewa a buɗe tagogi, a rage cunkoso.

A ƙauyen Gando na ƙasar Burkina Faso akwai makarantar firamare da aka gama a 2001. Wani ɗan ƙauyen, Francis Kere, wanda ya yi karatun zanen gini a Jamus, shi ya zana ta. Bulon ƙasa aka yi amfani da shi, da ɗan siminti a ciki. An ɗaga kwanon sama, bai zauna a kan bango ba. Silin ɗin ma na ƙasa ne mai ƙofofi. Iska tana shiga ta taga, mai zafi ta fita ta ƙarƙashin kwano.

Da farko mutanen Gando ba su yarda ba. Sun ce ginin ƙasa ba ya jure damina. Kere bai yi fushi ba, ya zauna ya yi musu bayani har suka gamsu. Wani lokaci da zai yi rufi mai lanƙwasa kamar baka, sai ya fara gina ƙarami a gabansu, ya hau kai shi da abokan aikinsa suka yi tsalle. Rufin bai faɗi ba. A 2022 ya sami lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta.

Aikin aji

Da Kere bai iya bayani ba, da ilminsa ya tsaya a takarda. Haka yake ga ɗalibin yaƙi da jahilci. Watarana zai tsaya gaban dagaci, ko taron ƙungiyar manoma, yana neman a gyara aji ko a haƙa rijiya. Saboda haka a wannan wata kowane ɗalibi, namiji ko mace, zai tashi ya yi wa aji bayani na minti 3.

Zai zaɓi abu ɗaya da ya sani a jeji ko a gida: suri, sheƙar tsuntsu, saƙar zuma, ko rumbu. Ya zo da shi in zai ɗauku, in ba zai ɗauku ba ya zana shi a allo. Mai son ɓallo guntun suri ya yi hattara, maciji yakan kwana a tsohon suri, kada a zura hannu cikin rami.

Kafin ranar, ya rubuta kalmomi uku ko huɗu a 'yar takarda don tuni, ba dogon labari ba. Wanda ya sunkuya yana karatu, na baya ba sa jin sa. In ya tashi ya yi sallama, ya faɗi sunansa da abin da zai yi magana a kai. Ya ɗaga abin kowa ya gani. Ya faɗi yadda aka yi shi, da amfanin da yake yi, da abin da magini zai koya daga gare shi. Ya dubi mutane, ya ɗaga murya har wanda ke bakin ƙofa ya ji.

Rawar murya ba laifi ba ce, kusan kowa yana yi a karon farko. Maganinta shi ne gwaji a gida, gaban yara ko abokin hira, sau biyu ko uku. Malami kada ya katse mai magana don gyaran kuskure, ya bari sai ya gama. Kada kuma ya fara da masu baki kullum. In ɗalibi ya gama, mutum biyu su yi masa tambaya, na uku ya faɗi abu ɗaya da ya koya. Wanda bai sami dama a wannan mako ba, malami ya rubuta sunansa a kan gaba a mako mai zuwa.