Fedal ɗina na buɗe baki amma ba ya rufewa

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo ne, kuma ina kaɗa jita. Na haɗa wa kaina fedal mai sa jita ta yi "waw" gwargwadon ƙarfin da na bugi tsirkiya. Matsalar ita ce idan na yi sauri, sautin ya buɗe ke nan, ba ya komawa. Na cire kafasita mai mikrofarad 10 na sa mai 0.47, sai ya koma gurnani. Ina na kuskure? Daga wani makaranci a Damagaram.

Amsa: Ka taɓa wurin da ya dace, hannunka ne ya yi nauyi.

Irin wannan na'ura tsohuwa ce. Kamfanin Musitronics na Amurka ya fitar da Mu-Tron III a 1972, ƙirar Mike Beigel, kuma da ita Stevie Wonder ya yi amfani a waƙarsa "Higher Ground" a 1973. Tun daga lokacin tsarin bai canza ba: sashe biyu ne a ciki. Ɗaya yana auna ƙarfin bugunka, ɗaya kuma matata ce da ke buɗewa ko rufewa bisa umarnin na farko. Ciwon fedal ɗinka yana sashen farko.

Ka ɗauki kafasitar nan kamar tulu mai ɗan huji a gindi. Duk bugu, diyod na zuba masa ruwa, rasistar da ke gefensa kuma ita ce hujin da yake tsiyayewa. Lokacin tsiyayewar shi ne ƙimar rasista sau ƙimar kafasita. Ban ga zanenka ba, amma mu ce rasistar kilo-om 100 ce. Da mikrofarad 10, daƙiƙa ɗaya cur ke nan. Wanda ke bin tsirkiya da sauri irin na makaɗan Agadez zai yi bugu biyar ko shida kafin tulun ya sauka, shi ya sa bakin ya zauna a buɗe. Da ka koma 0.47, lokacin ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. Babbar tsirkiyar jita tana karkarwa sau 82 a daƙiƙa, to yanzu tulun ya yi ƙanƙanta har yana bin kowace karkarwa ɗaya-ɗaya maimakon ya bi bugun gaba ɗaya. Gurnanin da kake ji ke nan.

Gwada mikrofarad 2.2. Idan har yanzu yana jan ƙafa, bar kafasitar, ka sauya rasistar da ƴar juyawa mai kilo-om 100, ka jera mata rasista mai kilo-om 10 don kada ta kai sifili. Sai ka riƙa murzawa kana kaɗawa har kunnenka ya gamsu. Ni na fi son wannan hanya, domin yawan narka dalma a wuri guda yana ɗaye layin tagulla daga allo. Kuma ka kula da ƙafafun kafasitar, akwai ta tabbatacce da ta korau. Idan daga tsohuwar rediyo ka ciro ta, auna ta tukuna. Zafi yana busar da irinsu, lambar da ke jiki ta daina zama gaskiya.

Idan daga baya ka ji sautin ya yi tsini da yawa, wannan aikin matata ne. Ninka ƙimar kafasitocinta, misali daga nanofarad 10 zuwa 22, zai sauko da sautin kusan zango guda. Idan biyu ne, canza su tare.

Abu ɗaya da mutane ke yawan mantawa: kada ka sa fedal mai murɗe sauti a gaban fedal ɗinka. Yana daidaita bugu mai ƙarfi da mai taushi, sai naka ya rasa abin da zai bi. Jita ta shiga fedal ɗinka kai tsaye, maɓallin ƙararta a buɗe, batir mai bolt 9 kuma sabo.

Don Allah ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, kana rubuta ƙimar da ka cire a takarda. Ka sake rubuto mana yadda 2.2 ɗin ta yi.