Motar kwana-kwana da ta dace da lungunan Bakura

Duk lokacin da aka zauna maganar sayo motar kashe gobara, abin da ake fara nuna mana shi ne hoton doguwar mota ja mai tsani, irin wadda ake gani a Abuja da Legas. Mai sayarwa zai ce tsaninta na kai mita 30 sama. Ni da na daɗe ina jan tiyo a cikin unguwanni, tambayata ɗaya ce: za ta shiga lungun da wutar take?

A Bakura da Talata Mafara da Maradun, gidajenmu na ƙasa ne da na bulo, bene kuma da wuya ya wuce hawa biyu. Tsanin hannu na mita 9 ko 10, wanda mutum uku ko huɗu za su ɗauka da gudu, ya isa ya kai mu rufin kusan kowane gini. Faɗin hanya ne ke wahalar da mu. Mota mai tsani faɗinta mita 2 da rabi ne, nauyinta kan kai tan 15. Kafin ta ɗaga tsanin nan sai ta miƙa ƙafafun ƙarfe dama da hagu ta dafa ƙasa, a nan tana neman wajen mita 5, kuma ƙasa mai tauri. A tsohon gari, inda amalanke biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya raɓe, ina za a samu wannan fili? Ko an samu, ga murfin kwata da ramin masai da aka haƙa a bakin hanya, waɗanda ba za su ɗauki nauyinta ba. Sama kuma ga wayoyin lantarki sun sauko, tsanin ƙarfe in ya taɓa su, ran ma'aikaci ne.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi damuna. Yawancin motoci masu dogon tsani ba sa ɗaukar ruwan kirki, domin an ƙera su ne don biranen da ke da famfon gobara a kowane titi. Mu ba mu da shi. Babban tiyo ɗaya kan zubar da lita 400 a minti guda, ke nan tanka mai lita 10,000 ba ta cika rabin awa ta ƙare. Idan ta ƙare, sai a tafi neman ruwa, wuta kuwa ba ta jira. A hunturu, lokacin da kara da harawa ke jibge a kan rufi da bayan gida, ga jarkokin fetur a zaure, iska na kaɗawa, kafin tanka ta dawo wutar ta tsallaka gida na uku.

Abin da nake ganin ya dace da garuruwanmu shi ne a raba aikin gida biyu. Tanka babba ta tsaya a bakin titi. Ƙaramar mota irin Hilux, wadda faɗinta bai kai mita 2 ba, ta shiga ciki da ɗan tankinta na lita 500, da injin tura ruwa, da tsanin hannu a bisa, da tiyo mai yawa da za a riƙa haɗawa har zuwa tankar. Inda Hilux ta kasa, keken Napep da aka ɗora wa tanki zai kutsa. A Japan, inda tsofaffin unguwanni ke da matsi, 'yan sa-kai na kashe gobara suna amfani da ƙananan motoci masu ɗauke da injin da ake saukewa a ɗauka da hannu. Irin wannan inji ba baƙo ba ne a nan, manoman rani na aiki da ɗan'uwansa kullum. Allah ya ba mu madatsar Bakalori tun 1978, hanyoyin ruwanta sun ratsa ƙasar ƙananan hukumomin nan uku. Da za a gyara wuraren tsayawar tanka a bakin hanyoyin nan, a kuma gina tankunan ajiya kusa da kasuwar Talata Mafara da manyan makarantu, da an rage rabin wahalar.

Akwai kuma gyara. Tsanin zamani da man haidirolik da kwamfuta yake aiki. Ƙura ta shiga, wani ɗan ƙarfe ya lalace, sai a jira kaya daga Turai, motar na zaune wata da watanni. Hilux kuwa kowane bakanike a tasha ya san cikinta. Kuɗin mota mai tsani guda ɗaya zai sayi ƙananan nan da dama, a ajiye ɗaya a kowane gari, maimakon a jira taimako daga Gusau, tafiyar sama da awa ɗaya. Ba na cewa dogon tsani ba shi da amfani. Kano da Kaduna masu dogayen benaye suna buƙatarsa.

Mu tuna da Kaura Namoda, watan Fabrairun 2025, inda wuta ta kama makarantar allo cikin dare, almajirai 17 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ba bene ba ne. Irin wannan gobara mintunan farko ne ke yanke hukuncinta, kuma irinta ce ta fi yawa a ƙasarmu.

Ku ma jama'ar gari kuna da naku. Na sha isa bakin lungu in tarar da dakali ya ci rabin hanya, ko rumfar mai shayi, ko yashi da bulo da aka zube tun bara. Dole mu sauka mu ja tiyo da ƙafa, mai gida na kuka yana cewa mun makara. Masu unguwanni da hakimai, don Allah ku sa ido a kan masu gini, kada a ƙara cin hanya. Shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu kuma, kafin ku sa hannu a takardar sayen mota, ku kira ma'aikatan kwana-kwana, a ɗauki igiyar awo a zaga unguwanni da kasuwa, a auna faɗin hanyoyi da kwanoni, sannan a zaɓi motar da za ta iya shiga.